Tiransifomar da Muke Kira Hajiya

Shekarun baya, lokacin da dumso ya addabi Kumasi, wato a ɗauke wuta a dawo da ita yadda aka ga dama, mu a lungunmu na bayan Akwatialine ko dumson ma ba mu samu ba. Sauran unguwanni ana ɗauke musu ne a dawo musu da ita. Mu kuwa tiransifomarmu ce ta yi wata irin ƙara da rana tsaka, ta tuttuɗo hayaƙi, ta mutu murus. Muka shiga duhu wata da watanni. In na ji 'yan Asawase suna ƙorafin tun safe ba su ga wuta ba, ji nake kamar in shaƙe su.

Ni a lokacin budurwa ce mai bakin tsiya, ina sayar da sobolo, wato zoɓo, da burkina, furar gero da madara mai sanyi, a bakin titi. To ku faɗa mini, jama'a, wa zai sayi burkina mai ɗumi? Na koma sayo ƙanƙara daga Buokrom, kafin torotoro, wato motar haya, ya sauke ni rabinta ta narke a cinyata, in sauko zanina sharkaf, yaran mota suna yi mini dariya. Amma nawa duk wasa ne. Wanda abin ya karya da gaske shi ne yayana.

Yayana mai walda ne. Ƙofofi, tagogi, murhun gawayi, gadon ƙarfe, babu abin da hannunsa ba ya yi. Tun rasuwar mahaifinmu shagon nan ne ya riƙe gidan, tare da koko da ƙosan da mahaifiyata ke sayarwa da safe. Janareton da zai ɗauki injin walda kuwa ba na talaka ba ne. Masu aiki suka yi haƙuri, suka gaji, suka zo suka kwashe ƙarafansu suka kai wa wasu. Mutumin da in yana aiki sai an roƙe shi ya daina waƙa saboda muryarsa ba daɗi, sai ga shi ya wuni bai ce uffan ba. Daga nan ya fara zama a bencin samarin bakin kwata, inda ba a hirar komai sai ta Agadas da Libiya da wanda ya haye teku.

Wata rana muna tankaɗen gero ya shigo ya durƙusa gaban mahaifiyata.

"Mma, zan tafi."

"Ina?"

"Hamada. Abokaina sun gama magana da mai mota."

Na buɗe baki zan fara, ta ɗaga mini hannu. A lungunmu akwai gidajen da ɗansu ya bi hanyar nan, har yau ba gawa ba labari. Ta daɗe tana kallon rariyar da ke hannunta, sannan ta ce, "Ka ba ni zuwa Maulidi. In watan ya kama wuta ba ta dawo ba, ni da kaina zan soya maka guzuri."

Ya ce ya yarda. Ni kuwa na fita bayan gida na sha kukana, don a ganina Mma ta yi alkawarin da ba ta da ikon cikawa. Mai koko ce fa, ba ta san kowa a ofishin wuta ba.

Ana cikin haka zaɓen asambuliman ya matso, wato wakilin unguwa a majalisar gari. Mutum biyu ne suka fito. Ɗaya malamin makaranta ne, ɗan siriri, mai tsohon babur, wanda babu suna ko jana'izar da za a yi ba ka gan shi ba. Ɗayan kuwa boga ne, haka muke kiran wanda ya daɗe a Turai ya dawo da abin hannunsa. A nan aka haife shi, amma ya dawo da baƙin tabarau da turare mai hawa kai, yana gaisawa da dattawa a tsaye.

Ranar wata Asabar da hantsi sai muka ji kiɗa da ƙarar babura. Na yar da robar sobolo na ruga. Me zan gani? Wata ƙatuwar mota mai ƙugiya, a bayanta tiransifoma sabuwa dal, an ɗaure ta da jan kyalle kamar amarya. Wayyo! Unguwa ta kece da guɗa. Tsofaffi suna kabbara, yara suna bin mota, masu babur suna ɗaga ƙafar gaba. Aka sauke ta a mararraba kan dakalin siminti, gindin turakun da tsohuwar ta mutu a kansu. Boga ya hau kan tebur ya karɓi lasifika.

"'Yan uwana! Duhu ya ƙare! Ku ba ni ƙuri'a, ranar da aka rantsar da ni, ranar za a ɗora ta sama!"

Na yi rawa har silifas ɗina ya tsinke. Na hango yayana a gefe ya harɗe hannu, amma wallahi na ga haƙoransa, abin da na manta rabon da in gani. Na nufi mahaifiyata ina haki.

"Mma, ba ki murna? Yaya ba zai tafi ba!"

"In ya ci ke nan," in ji ta. "In ya faɗi fa? Dubi direban can, yana rubuta lambar wayar yaran boga. Motar da ta kawo ta ta san hanya."

Sai na tuna a wata unguwa an taɓa yin wanda ya raba kujerun roba kafin zaɓe, da ya faɗi ya aiko aka bi gida gida aka tattara. Kafin in ce wani abu ta kwance bakin zaninta ta ce in ruga in sayo goro mai yawa, in biya wajen liman in ce masa tana roƙonsa ya matso gaba. Ban gane komai ba, amma na ruga da silifas ɗaya.

Ina dawowa na tarar mai gabatarwa yana cewa a sami uwa guda ta yi godiya a madadin mata. Mahaifiyata, wadda ko a biki ba ta son a ji muryarta, sai ga ta ta ratsa mutane ta karɓi lasifika. Ta riƙe shi nesa da baki kamar zai cije ta, sai da aka gyara mata.

Ta ce, "Ɗana, sannu da ƙoƙari. Wasu za su ce don ƙuri'a ka kawo wannan abu. Mu mata mun san ba haka ba ne, don mun san wadda ta haife ka. Mahaifiyarka ungozoma ce. Rabin waɗanda ke tsaye a nan ita ta yanke musu cibiya, ita ta yi musu wankan farko, ba ta taɓa tambayar ko sisi ba. Ta rasu kana Turai, ba ka samu ka zuba mata ƙasa ba. Wasu rijiya suke haƙa wa iyayensu, wasu masallaci. Kai ka ce naka sadakar wuta ce, duk wanda ya kunna fitila ya yi karatu, duk jaririn da ya sha iskar fanka, ladan ya je mata. Allah ya kai haske kabarinta. Malam, a yi mata Fatiha."

Jama'a, da kun ga fuskar boga! Baki buɗe. Wani yaronsa mai babbar riga yana ta jan hannunsa yana raɗa masa magana. Amma liman ya riga ya ɗaga hannu, mutane ɗaruruwa sun ɗaga, kiɗa ya tsaya cak. Liman ya yi addu'a mai tsawo, ya ambaci sunanta, ya roƙi Allah ya karɓi wannan sadaka mai gudana daga ɗanta. Sai na ga boga ya cire tabarau. Na zaci fushi zai yi. Ashe kuka ne, kuka na gaske, har kafaɗunsa suna rawa. Ya ce amin da ƙarfi cikin lasifika, kowa ya ji.

Nan take aka raba goro, kowa ya ɓantara, shaida ta tabbata ke nan. Maƙwabcinmu mai rubuta allunan shaguna ya kawo farin fenti ya rubuta sunan marigayiya a jikin tiransifoma, manyan baƙaƙe, da boko da ajami. Tun daga ranar babu wanda ya sake ce mata tiransifoma. Hajiya muke ce mata. In an aiki yaro sai a ce, je ka wajen Hajiya ka sayo sabulu.

A hanyar gida na ce, "Mma, shi ya gaya miki sadaka ce?"

"Ba ki ji ya ce amin ba?"

"Amma kafin nan fa?"

"Ke, tafi ki nemo ɗayan takalminki."

Aka yi zaɓe, boga ya faɗi. Mutanenmu sun yi masa rawa, sun sha lemonsa, amma da suka je gaban akwatin zaɓe sai suka tuna wanda ya ɗauki makarar iyayensu. Malamin makaranta ya ci, aka bule shi da farar hoda aka zaga da shi gari. Ni boga na zaɓa, ban ɓoye ba. Mahaifiyata kuwa har yau ba ta faɗa mini wa ta dangwala wa ba.

Washegari da sassafe ina wanke kwalabe sai na ji ƙarar da na sani. Motar ƙugiya ce. Na fita ina kururuwa, "Sun zo ɗaukar Hajiya! Sun zo ɗaukar Hajiya!" Wata baƙuwa da ta zo biki ta zaci wata tsohuwa ce ta rasu, ta kama salati. Mata suka firfito, wata da muciya, wata da goyo, wata da kumfar sabulu a hannu. Samari suka fara tsintar duwatsu, yayana yana gabansu da guntun ƙarfe, idonsa jajir.

Muna isa sai muka tarar da Mma ta riga kowa. Ashe tun ranar zaɓe ta mayar da teburin kokonta gindin Hajiya. Tana zaune tana juya ƙosai a mai. Ta dubi yayana ta ce, "Ajiye wannan." Ya ajiye. Ta dubi sauran, duwatsu suka zube.

Direban Ba'asante ne, Hausarsa ta kasuwa. Ya sauko yana sosa ƙeya. "Maame, yi hankuri. Masta ya ce mu dauka shi. Ni aiki kawai."

"Na sani, ɗana. Zauna ka sha koko. A kira mini mastan."

Aka buga masa waya. Da ya ji an tare mota sai ga shi ya zo da kansa, fuska a murtuke, ido a kumbure don bai yi barci ba. Ya fara faɗa tun kafin ya rufe ƙofar mota, wai mun ci amanarsa, mun ci nasa mun zaɓi wani. Gaskiya kuma yake faɗa. Mahaifiyata ta bar shi ya gama tas.

"Kayanka ne," ta ce. "Babu mai hana ka. Abu biyu kawai. Na farko a kira liman ya sanar da jama'a ka janye sadakar, don kada a ci gaba da kai wa baiwar Allah ladan abin da ba nata ba. Na biyu, ba za a zaga gari da sunanta a bayan mota ba." Ta ɗauko tsumma ta tsoma a kananzir ta miƙa masa. "Goge shi da hannunka, sai ka ɗauka."

Ya karɓi tsumman. Ya taka har gaban Hajiya. Ni dai na runtse ido ɗaya. Ya tsaya yana kallon rubutun, ya ɗaga hannu, sai ya shafa sunan da tafinsa, ba da tsumman ba. Ya juyo ya ce wa direba, "Tafi kawai." Sannan ya zauna a bencin Mma ya ce, "Ki zuba mini koko, kar ki sa sukari da yawa."

Guɗar da aka yi ran nan ta fi ta ranar da aka kawo ta. Ni da bakina na ce wa boga ya yafe mana, ya ce, "Ke dai ai kin zaɓe ni, na ji labari. Duk unguwa kin faɗa wa."

Na zaci an gama. Ashe da saura. Tiransifoma a ƙasa ba ta ba da wuta, sai ma'aikatan wuta sun zo sun ɗora ta sun haɗa, kuma asambuliman ne zai bi maganar a ofis. Sabon asambuliman kuwa ya shiga jan ƙafa. Kullum aka tare shi sai ya ce ana kan bi. Daga baya muka ji gaskiya daga bakin matarsa a wurin ɗiban ruwa: ba ya son a ce wutar boga ce ta haska unguwar da shi ya ci, yana neman wata sabuwa da za a ce tasa ce. Mutumin kirki ne fa, amma kujera ta fara yi masa daɗi.

Kwanaki suna ta tafiya. Makarantun allo suka fara bitar waƙoƙin Maulidi. Yayana ya daina leƙa mararraba. Na shiga ɗakinsa shara na ga jarka naɗe da buhu, da rigar sanyi, da rawani, a bayan ƙofa. Na fito na ce wa Mma mu tara mata mu je gidan asambuliman mu yi masa tijara. Ni har na tsara zagin da zan fara da shi.

Ta ce, "Ɗauko mayafinki. Amma ba wurinsa za mu ba, kuma in kika buɗe baki sai na saɓa miki."

Gidan mahaifiyarsa muka je, tsohuwa tukuf, tana zaune kan tabarma tana jan carbi. Aka gaisa, aka tambayi jiki, aka tambayi jikoki, aka yi hirar tsadar gero, ni ina ta cizon leɓe. Can sai Mma ta ce, "Yaya, ɗana zai shiga hamada in Maulidi ya kama." Ta ba ta labari duka. Tsohuwa ta aika a kira mata ɗanta.

Ya shigo da sabuwar shadda, ya ga mu, ya gane. Ya durƙusa ya fara bayani, kalmomin ofis suna ta fita. Tsohuwa ta katse shi.

"Sunan wa aka rubuta a jikin abin nan?"

Ya faɗa.

"Ka san ranar da na haife ka ba ka yi kuka ba? Ka zo shuɗi, an riga an ce a nemo likkafani. Matar nan ce ta ce a ba ta kai. Ta hura maka baki, ta murza ka, ta ƙi sakinka har ka yi atishawa. Yau ka zama asambuliman, sadakarta tana zaune a ƙasa awaki suna hawa. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, in ɗauki sandata in je ofishin da kaina."

Ya tashi ya fita. Abin da ya fi ba mu mamaki, washegari aka gan shi a gaban motar boga, su biyu, sun nufi gari. An ce a hanya ba su yi wa juna magana ba, amma tare suka shiga ofis tare suka fito. Suka yi ta zarya har Allah ya sa aka ba da rana.

Ana saura ƙiris watan ya kama ma'aikata suka iso. Unguwa duka ta fito, babu wanda ya buɗe shago. Motar ƙugiya ta dawo karo na uku, direban nan yana dariya yana cewa, "Maame, yau sama za mu kai shi!" Da Hajiya ta tashi daga ƙasa tana lilo a iska, mata suka dafe kai suna "a hankali, a hankali", kamar da gaske tsohuwa aka ɗaga. Aka ɗora ta, aka ɗaure, aka ja wayoyi. Muka yi azahar a nan, muka yi la'asar a nan. Sai babbansu ya ɗauki doguwar sanda ya tura wani abu sama.

Shiru. Sannan wata rediyo da aka manta a kunne tun ranar da wuta ta tafi ta fashe da waƙa a shagon mai aski.

Ban san yadda zan kwatanta muku ihun ba. Kowa ya ruga gida. Na faɗa ɗaki na tarar da firizata tana gurnani, na rungume ta, wallahi na sumbace ta, ƙanwata ta gani kuma har yau tana yi mini tsiya. Sai da na gama haukata na lura Mma ba ta cikin gida.

Na same ta tsaye a bakin kwata, daura da shagon yayana. Ya buɗe ƙofa, ya jawo injin, ya rufe fuskarsa da garkuwar walda, ya sunkuya kan wani tsohon murhu. Tartsatsi yana tashi, shuɗin hasken nan yana walƙiya, yana rera waƙarsa da muryar nan mara daɗi. Duk wanda ya tashi kusa da mai walda ya san ba a kallon wutar nan da ido. Mma kuwa ta ƙura mata ido ko ƙiftawa ba ta yi. Na ja hannunta na ce, "Mma, idonki!" Ta fizge.

Washegari idanunta suka kumbura suntum, suna ta zubar ruwa, ta kasa fita da koko. Ta kwanta da jiƙaƙƙen tsumma a fuska, yayana yana zaune gefenta yana yi mata faɗa, ita kuma tana dariya. Da Maulidi ya zo motar abokansa ta tashi ba shi.

Yanzu yana da yara masu koyon aiki da 'ya'yansa na kansa. Boga da malamin makaranta sun sake karawa a zaɓe, ba su fasa adawa ba, amma duk shekara tare suke sayen fenti a sabunta sunan nan. Ni dai abin da na ɗauka shi ne, da can ina ganin mai iko shi ne wanda ya hau tebur ya riƙe lasifika. Ashe kowane mai iko akwai wanda yake jin kunya, kuma matan da suka yi shekaru suna zaune a bakin hanya sun san ko wane ne. Mma ba ta taɓa yin alfahari da abin ba. Ta ce ta ari sunan baiwar Allah ba da izininta ba, shi ya sa har yau duk Juma'a sai ta yi mata sadakar ƙosai.

Kwanan baya ina sa mata maganin ido, don yanzu gani ya yi rauni, na tsokane ta na ce duk laifin ranar nan ne. Na ce, "Mma, ke da kika fi kowa sani, me ya sa kika tsaya kallon wutar walda?"

Ta ce, "Fuskarsa a rufe take. So nake in tabbata shi ne."